Tantra: Yadda Aka Sace Kalma Daga Masaƙa Aka Kai Ta Gidan Tausa

Ranar 26 ga Janairun kowace shekara, Indiya takan yi bikin zagayowar ranar da kundin tsarin mulkinta ya fara aiki a 1950. Sunan ranar a harshen Hindi shi ne "Ganatantra Diwas", wato Ranar Jamhuriya. Ranar 15 ga Agusta kuwa, da ake tunawa da samun mulkin kai na 1947, sunanta "Swatantrata Diwas". Dimokuraɗiyya a harshen ana ce mata "loktantra". A cikin kowace ɗaya daga waɗannan kalmomi uku akwai "tantra" zaune daram, shugabannin ƙasa suna furta ta a kan mumbari, yaran firamare suna rubuta ta a jarrabawa, ba wanda ya taɓa sunkuyar da kai don kunya.

Amma duk wanda ya rubuta kalmar ita kaɗai a Google da harufan boko, abin da zai fara tarbarsa daban ne: tallan gidajen tausa, da kwasa-kwasan ƙarshen mako na ma'aurata a Kalifoniya ko Balin ko tsibirin Bali, da littattafai masu bangon da ba a iya ajiyewa a falo. Mutane da yawa masu ilimi, a ƙasashe da yawa, sun tafi a kan cewa tantra na nufin wata dabarar jima'i ta mutanen Indiya na dā. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskuren yana da iyaye, an san sunayensu da shekarun da suka yi aikinsu. Mishan da malaman zamanin mulkin mallaka ne suka yi rabin aikin don su ƙyamatar da mutane, 'yan kasuwar Amurka suka ƙarasa shi don su kwaɗaitar da su. Mai ilimin da ya ci gaba da maimaita ma'anar da suka bari yana yi musu dako ne ba tare da lada ba.

Zaren da aka miƙe

Saiwar kalmar a harshen Sanskirit ita ce "tan", ma'anarta miƙewa ko shimfiɗawa. Ɗafa-ƙeyar "tra" kuwa takan nuna kayan aiki. In an haɗa su sai a sami abin da ake miƙe zare a kansa: masaƙa, ko kuma zaren da masaƙi yake miƙewa a tsaye kafin ya fara gitta wani a kansa. Da wannan ma'ana kalmar ta zo a Rigweda, mafi tsufa a littattafan addinin Hindu, wanda ya kai kimanin shekara 3,000. Panini, babban malamin nahawun Sanskirit da ya rayu ƙarnoni kafin Miladiyya, ya kawo ta a ƙa'idar da ta shafi sunan sabon mayafin da aka sauke daga masaƙa. Shi ne kuma ya bayyana aikau a jimla da cewa "swatantra" ne, wanda zarensa yake hannunsa, bai dogara da wani ba. Daga nan 'yancin kan 1947 ya samo sunansa.

Daga masaƙa zuwa littafi tafiyar ba ta da nisa. Zaren tsaye shi ne yake riƙe da dukan mayafi, saboda haka sai aka riƙa kiran duk wani tsari da yake riƙe da wani fanni na ilimi da sunan tantra, haka ma littafin da ya tsara shi. Likitancin gargajiya na Indiya, Ayurweda, ya kira tiyata "shalya tantra", ya kira ilimin dafi da makarinsa "agada tantra". Arthashastra, littafin Kautilya kan mulki da tattalin arziki, ya rufe da babi a kan "tantrayukti", hanyoyi 32 na tsara rubutun ilimi. Wajajen 1500, Nilakantha Somayaji na Kerala ya rubuta Tantrasangraha, littafin lissafin tafiyar taurari ne daga farko har ƙarshe.

Akwai ma tantrar da ta daɗe da zama 'yar gida a wurin duk wanda ya yi karatun adabin Larabci. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara daga tsohon Farisanci wajajen 750, tushensa littafin Indiya ne da likita Burzoye ya kai fadar Kisra Anushirwan a ƙarni na 6. Sunan littafin na asali Panchatantra, wato tantra biyar: sassa biyar na hikimar zaman duniya da aka sa a bakin dabbobi. Kalila da Dimna su ne diloli biyu na sashen farko, Karataka da Damanaka. Ɗalibin da ya karanta labarin zaki da sa a gaban malaminsa a Kano ko Damagaram, tantra ya karanta, kuma ba abin da ya gani a ciki sai darasin yadda annamimi yake raba abokai.

Shaidar harshen Pali

Shaida mafi ƙarfi tana zuwa ne daga inda ba a zata ba. Pali shi ne harshen littattafan mazhabar Terawada ta addinin Buddha, wadda ake bi a Siri Lanka da Myanmar da Tailan da Laos da Kambodiya. Ɗan'uwan Sanskirit ne, sai dai yana sassauta baƙaƙen da suka haɗu: "sutra" ta koma "sutta", "mantra" ta koma "manta", "tantra" ta koma "tanta". An rubuta waɗannan littattafai a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, bayan an daɗe ana riƙe da su da ka. Hakan na nufin sun riga duk wani littafin ibadar Tantra da ɗaruruwan shekaru, don haka suna nuna kalmar kamar yadda take kafin a yi mata wani ado ko wani ƙazafi.

A cikinsu "tanta" zare ne ko masaƙa, "tantawaya" kuma masaƙi. A wata doguwar huɗuba mai suna Mahanidana, Buddha ya tsawata wa almajirinsa Ananda da ya ce koyarwar yadda abubuwa suke haifar da juna ta zo masa da sauƙi, ya kwatanta halittun da suka kasa gane ta da zaren da ya cukurkuɗe. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen zaren ita ce wannan "tanta".

'Yar'uwarta "tanti" ta fi ta ban sha'awa. Ma'anarta ta farko tsirkiya ce, irin ta molo. Daga baya malaman sharhi suka mayar da ita sunan nassin da aka gada baki da baki daga malami zuwa almajiri ba tare da yankewa ba. Buddhaghosa, wanda ya yi aiki a babban gidan sufayen Mahawihara da ke Anuradhapura a ƙarni na 5, ya bayyana cewa yana juya tsofaffin sharhohi daga harshen Sinhala zuwa harshen da ya dace da salon "tanti". Ana kiran harshen nassin da kansa "tantibhasa". Kai, kalmar "pali" ma asalinta layi ce ko jeri, sannan nassi, sai can baya aka ɗauke ta a matsayin sunan harshe, domin malaman dā Magadhi suke kiran harshen. "Sutta" kuwa zare ce ita ma. Al'umma ce da ta kalli ilimi a matsayin saƙa, ta ari kalmomin masaƙa ta sa wa littattafanta mafiya tsarki.

Daga wannan saiwa ta "tan" ne kuma aka sami "santana" da "santati", waɗanda masu falsafar Buddha suke nufin gudanar tunani da su, yadda kowane ɗan lokaci na hankali yake haifar da na bayansa kamar zaren da ba ya tsinkewa. Ya kamata a riƙe wannan ma'ana, domin ita ce gadar da ta haɗa Pali da abin da ya zo daga baya.

Abin da ma'abota Tantra suka ce da bakinsu

Wajajen ƙarni na 5 zuwa na 6, wasu sababbin littattafan wahayi suka fara bayyana a tsakanin masu bautar Shiwa, daga baya a tsakanin masu bautar Wishnu, da mabiya Buddha, har da mabiya addinin Jain. Suna kiran kansu tantra, ko agama, ko samhita. Wanda masana suke ɗauka mafi tsufa a cikin na Shiwa da suka tsira shi ne Nishwasa, wanda aka samu a rubuce a kan ganyen giginya a Nepal. Abin da ya haɗa waɗannan littattafai shi ne hanyar ibada: ba a shiga sai malami ya yi wa mutum bikin shigarwa, sai a ba shi kalmomin da zai riƙa maimaitawa, da zane-zanen da ake kira mandala, da alamomin yatsu, da yadda zai siffanta abin bautarsa a zuci har ya ji ya zama ɗaya da shi. Sauran shafukan sun ƙunshi ƙa'idojin gina ɗakin bauta, da kafa gunki, da hadayar wuta, da sarrafa numfashi.

Su da kansu sun fassara sunan. Kamika, ɗaya daga littattafai 28 na mazhabar Shaiwa Siddhanta, ya ce ana kiran littafi tantra ne saboda yana shimfiɗa ilimi kuma yana kuɓutarwa, ya ɗauki "tan" a matsayin shimfiɗawa, "tra" a matsayin ceto. Fassarar malaman addini ce, masana tarihin harshe ba za su sa mata hannu ba, amma ta nuna yadda masu abin suke kallon abinsu. A ɓangaren Buddha, babi na 18 na Guhyasamaja ya bayyana tantra da ci gaba marar yankewa, ya kasa shi uku: asali, da hanya, da sakamako. Da mutanen Tibet suka zo fassara, sai suka zaɓi kalmarsu "gyu", wadda take nufin zare ko tsirkiya, kuma da ita suke fassara "santana". Zaren da ya fito daga masaƙar Rigweda, ya ratsa ta gidan sufayen Anuradhapura, shi ne ya isa Lasa.

Faɗin abin ma ya isa hujja. Ibadar yau da kullum a manyan ɗakunan bautar Shiwa na jihar Tamil Nadu tana tafiya ne bisa waɗancan littattafai 28. A Kerala, babban limamin da yake da hurumin ƙarshe kan al'adun ɗakin bauta sunan muƙaminsa "tantri", kuma gadonsa ake yi. A Japan, mazhabar Shingon da Kukai ya kafa bayan dawowarsa daga Sin a 806 reshe ce ta Tantrar Buddha, sufayenta suna kan dutsen Koya tun 816 suna kunna wutar hadaya suna maimaita mantra. Malamin Tibet Buton, wanda ya rayu daga 1290 zuwa 1364, yana cikin waɗanda suka daidaita rabon littattafan zuwa aji huɗu, kuma ajujuwan farko sun fi mayar da hankali ga wanka, da tsarki, da azumi, da kiyaye abinci. Miliyoyin mutanen da suke rayuwa a cikin waɗannan al'adu za su yi mamakin abin da ake sayarwa da sunansu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Mai gardama zai ce: to ai ba hayaƙi sai da wuta. Gaskiyarsa. Daga wajajen ƙarni na 7 zuwa na 10 an sami wani reshe, a tsakanin masu bautar Shiwa da allolin mata da kuma a wasu littattafan Buddha na baya-baya irin su Hewajra, wanda ya ɗauki karya dokokin tsarki a matsayin hanyar samun ƙarfi. Akwai ibada a maƙona gawa, akwai ƙoƙon kan mutum, akwai giya da nama ga mutanen da aka rena a kan ƙyamarsu, akwai kuma saduwa a cikin ibada. Jerin nan na abubuwa biyar masu farawa da harafin "ma" a Sanskirit, wato giya, nama, kifi, gasasshen hatsi da jima'i, yana nan a rubuce. Masani ɗan Amurka David Gordon White ya wallafa littafi a 2003 yana kafa hujjar cewa a farkon mazhabar Kaula wannan ɓangare shi ne ƙashin bayanta, kuma malaman baya ne suka lulluɓe shi da falsafa. Akwai kuma shafuka na asirin mallake mutum da halaka abokin gaba. Duk wanda ya ce Tantra falsafa ce zalla mai tsabta, shi ma ya sayar da rabin gaskiya.

Sai dai abubuwa uku suna hana wannan ya zama ma'anar kalmar. Na farko shi ne ƙima. Abhinawagupta, babban malamin Kashmir da ya yi tashe wajajen shekara ta 1000, ya rubuta Tantraloka mai babi 37, kuma babi na 29 ne ya keɓe wa waccan ibada, duk da cewa shi ɗan mazhabar da ta yarda da ita ne. Ragowar littafin bincike ne kan hankali, da harshe, da matakan halitta, da tsarin bukukuwan shigarwa. Na biyu shi ne manufa. Ko a inda aka yi abin, an yi shi ne a ɓoye, ga 'yan tsirarun da suka shafe shekaru a hannun malami, don neman ƙarfin asiri ko kuɓuta daga sake haihuwa. Kyautata zaman aure da tsawaita jin daɗi, waɗanda su ne hajar kasuwar yau, ba su ne abin nema ba. Na uku shi ne cewa 'yan gida sun yi ta faɗa a kai tun da can. Sarki Yeshe O na yammacin Tibet ya fitar da doka a ƙarshen ƙarni na 10 yana la'antar masu ɗaukar waɗannan nassoshi a zahirinsu. Atisha, malamin Bengal da ya isa Tibet a 1042, ya haramta wa sufaye masu alwashin ƙin aure karɓar matakan shigarwa da suka ƙunshi saduwa. Tsongkhapa, wanda ya rasu a 1419 kuma daga mazhabarsa Dalai Lama ya fito, ya gina tafiyarsa a kan tsananta dokokin sufanci.

Shi kuwa Kamasutra, da ake yawan jingina shi da Tantra a kantunan littattafai, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan. Littafi ne na zaman birni da sha'awa wanda Watsyayana ya tsara wajajen ƙarni na 3, kafin littattafan Tantra su bayyana, kuma ba ya da'awar kai kowa ga tsira. Haɗa su aikin masu bugawa ne bayan fitowar fassarar Turanci ta 1883 da ake dangantawa da Richard Burton.

Su wa suka yi satar?

Hannu na farko na William Ward ne, ɗan mishan na Baftis a Serampore kusa da Kalkata, wanda littafinsa kan addini da al'adun Hindu ya fara fitowa a 1811. Ya kawo labarin ibadun ɓoye na masu bautar allolin mata a matsayin ƙazantar da alƙalami ba zai iya rubutawa ba, kuma buƙatarsa a fili take: al'ummar da ke cikin irin wannan duhu tana buƙatar mai ceto daga waje. Malaman jami'a suka ɗora. Monier-Williams na Oxford ya bayyana Tantra a matsayin mafi lalacewar matakin addinin Hindu. Austine Waddell, likitan soja, ya yi wa addinin Tibet irin wannan hukunci a littafinsa na 1895. A hannun irin waɗannan marubuta ne aka ƙera "Tantrism" a matsayin addini guda mai fuska ɗaya, alhali abin da ke ƙasa ɗaruruwan littattafai ne na mazhabobi masu gaba da juna.

A nan ne Pali ya sake shigowa, ta hanya mai ban takaici. T. W. Rhys Davids, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Siri Lanka, ya kafa ƙungiyar buga littattafan Pali a 1881, aikin da har yau ake cin moriyarsa. Amma zamaninsa ya gina wani labari mai sauƙin haddacewa: Buddha na Pali mai hankali ne da tsabta, kamar wani malamin Furotesta, sai Indiyawa suka gurɓata koyarwarsa sannu a hankali har ta ruɓe ta zama Tantra. An kafa Pali a gefe ɗaya a matsayin fari, Tantra a ɗaya gefen a matsayin baƙi, alhali malaman Pali da kansu "tanti" suke kiran nassinsu. 'Yan bokon Indiya da dama suka haɗiye labarin. Ko Swami Wiwekananda ya yi kakkausar suka ga masu bin "hanyar hagu" a Bengal. Sir John Woodroffe, alƙali a Babbar Kotun Kalkata da yake rubutu da sunan Arthur Avalon, ya yi ƙoƙarin wanke Tantra tun daga fassararsa ta Mahanirwana a 1913, tare da taimakon masana 'yan Bengal, sai dai wankin nasa ya yi yawa har ya kusa kankare duk abin da ke da kaifi.

Hannu na biyu ya karɓi ƙazafin bai canza masa komai ba sai farashi. Pierre Bernard, haifaffen jihar Iowa, ya kafa wata ƙungiya mai suna Tantrik Order a Amurka wajajen 1905. An kama shi a New York a 1910 bisa ƙorafin wasu 'yan mata biyu, shari'ar ta watse, jaridu suka yi ta yayata shi, daga baya ya buɗe kulob na masu kuɗi a garin Nyack. Abin da mishan suka ce ƙazanta ce, shi ya ce sirri ne, kuma ana biya kafin a ji. Bayan juyin al'adun shekarun 1960 sai ga Rajneesh, wanda aka fi sani da Osho, ya buɗe cibiya a Pune a 1974, ya gauraya kalmomin Tantra da dabarun masu ilimin halayyar ɗan Adam na Turai, Turawa suka yi ta tururuwa. Ya koma jihar Oregon a 1981, ya tara motocin Rolls-Royce sama da 90, wasu manyan mabiyansa suka zuba ƙwayoyin cuta a abincin gidajen cin abinci na garin The Dalles a 1984 har mutum 751 suka kamu, aka kore shi daga Amurka a 1985. Ɗalibansa suka bazu suna buɗe makarantu da rubuta littattafai. Daga wannan zuriya akasarin abin da intanet take nunawa yau ya fito, kuma masana suna kiransa "sabuwar tantra" don su raba shi da tsohuwar. Hugh Urban ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 2003.

Ai harshe yana canzawa?

Wannan ita ce mafakar ƙarshe ta masu kare kuskuren: ma'anar kalma ita ce yadda mutane suke amfani da ita, in Turawa sun ba ta sabuwar ma'ana, shi ke nan. Da mai gidan tausa ya ce ga wata dabara da aka ƙirƙira a Pune da Kalifoniya shekara 50 da suka wuce, da ba wanda zai ja da shi. Abin da yake sayarwa shi ne tsufan abin, yana cewa hikimar dubban shekaru ce daga Indiya. Wannan da'awa ce ta tarihi, ana iya gwada ta da littattafai, kuma ta faɗi gwajin.

Kuma ƙaryar tana da waɗanda take ci. Idan aka gamsar da mutum cewa miƙa jikinsa ga malami tsohuwar hanyar tsira ce, an ƙwace masa kalmar "a'a". Gregorian Bivolaru, ɗan Romaniya da ya kafa wata babbar ƙungiyar yoga mai da'awar tantra, kotun ƙasarsa ta yanke masa ɗaurin shekara 6 a 2013 kan saduwa da yarinya mai ƙarancin shekaru, 'yan sandan Faransa kuma suka kama shi a Nuwamban 2023 bisa wasu sababbin tuhume-tuhume. Tsohuwar al'adar ma ba ta tsira ba: a 2017 ɗalibai takwas suka rubuta wasiƙa suna zargin malamin Tibet Sogyal Rinpoche da duka da lalata, binciken lauyoyi na 2018 ya gaskata da yawa daga zargin. Sirri da biyayya ga malami makamai ne masu haɗari a ko'ina, kuma sun fi haɗari a hannun wanda ya tabbata cewa mabiyansa ba su taɓa buɗe littafin da yake fakewa da shi ba.

A cikin Indiya kalmar ta sha wani dukan daban. A bakin mutumin titi "tantrik" boka ne, mai tallan dawo da masoyi da karya sammu a bangon tashar jirgin ƙasa. Jihar Maharashtra ta kafa dokar hana cutar da mutane da sunan tsafi a 2013, bayan an harbe likita Narendra Dabholkar, wanda ya shafe shekaru yana fafutukar a kafa ta, a Pune ranar 20 ga Agustan shekarar. Tsakanin bokan tasha da mai tausar Kalifoniya, Abhinawagupta da Kukai da limaman Kerala sun rasa sunan da za a kira su da shi ba tare da an yi murmushi ba.

Mai karatun da ya ga abin da ya sami kalmar "fatawa" ba ya buƙatar dogon bayani. Amsar malami ce ga tambayar shari'a, a kan gado ko ciniki ko alwala, amma tun daga Fabrairun 1989, da Ayatullahi Khumaini ya yi hukunci a kan Salman Rushdie, jaridun Turai suka mayar da ita hukuncin kisa. An ɗauki misali ɗaya mai tayar da hankali an rufe dubbai da shi. Wanda wannan ya yi wa ciwo, bai kamata a same shi yana yi wa kalmar wasu irin haka ba, ko da bai yarda da komai na addininsu ba.

Akwai wanda ya nuna yadda ake yi. A daidai zamanin da Abhinawagupta yake rubutu a Kashmir, Abu Raihan al-Biruni yana koyon Sanskirit a wurin malaman Hindu. Ya fassara littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci, ya kammala babban littafinsa kan Indiya wajajen 1030, ya kuma bayyana tun a gabatarwa cewa zai kawo maganar mutanen kamar yadda suka faɗe ta, duk da cewa aƙidarsa ta saɓa da tasu. Har ya nuna burin sake fassara Panchatantra daga tushe, saboda bai amince da hannayen da littafin ya ratsa ba kafin ya zama Kalila wa Dimna. Musulmi ne mai riƙo da addininsa, hakan bai hana shi tambayar masu harshe abin da kalmarsu take nufi ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa duk wanda ya zo da maganar tantra, a littafi ne ko a bidiyo ko a talla, irin nasa ne. Wane littafi ake nufi, da sunansa? A wane ƙarni aka rubuta shi, kuma 'yan wace mazhaba? Daga wane malami mai maganar ya karɓa, shi kuma daga wa? Limamin Kerala zai amsa, sufin dutsen Koya zai amsa, malamin Pali a Kandy zai jero masu riƙe da "tanti" har ya gaji. Mai kwas ɗin ƙarshen mako, in ya yi gaskiya, silsilarsa za ta tsaya ne a Pune ta 1974 ko a New York ta 1910.